MANGEL: SAIWAR DA TA RAYA DABBOBIN TURAI A LOKACIN HUNTURU



Duk inda mutum yake kiwo a duniya akwai wasu watanni na shekara da yake jin tsoronsu, watau watannin da ciyawa take ƙarewa alhali dabba ba ta daina jin yunwa ba. A wurinmu rani ne da bazara. A ƙasashen Turai kuwa hunturu ne, daga watan Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, lokacin da sanyi yake tsayar da tsiro, ƙanƙara kuma ta rufe makiyaya. Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wata shuka da manoman Turai suka dogara da ita fiye da shekara ɗari domin su tsallake da dabbobinsu waɗannan watanni. Sunanta mangel. Tun da fari ina roƙon kada a rikita ta da mangul, gishirin nan na ƙasar Manga da ake ba dabbobi, ko da yake nan gaba za mu ga ita ma akwai ƙauna tsakaninta da gishiri.

ASALINTA DA DANGINTA

Mangel shuka ce mai ƙatuwar saiwa, ja ko rawaya ko fara, wadda rabinta ko fiye da rabi yake fitowa sarari a kan ƙasa, ganye masu faɗi kuma suna tsaye a kanta. Saiwa guda takan yi kilo 2 zuwa 5, waɗanda suka sami wuri sosai kuma sukan wuce kilo 10. Masana ilmin tsirrai suna kiran jinsinta Beta vulgaris, sun kuma sa ta cikin babban gida ɗaya da alayyafo. Kakanta wani ganye ne da yake fitowa da kansa a gaɓar Bahar Rum da gaɓar tekun Atlantika ta yammacin Turai. Daga wannan ganye ne manoma suka yi ta zaɓen iri, shekara da shekaru, har suka fitar da 'ya'ya huɗu: wanda ake cin ganyensa, da jan bit da ake yankawa cikin salak, da bit ɗin sukari, da kuma mangel ta dabbobi.

A ƙasar Jamus aka fara nomanta a gona domin dabbobi, a cikin ƙarni na 18. Sunanta ma daga Jamusanci ya fito, kuma akwai labari a cikinsa. Asalin sunan yana nufin saiwar bit. Amma kalmar farko ta yi kama da wata kalma ta Jamusanci mai ma'anar rashi ko ƙaranci, saboda haka da shukar ta shiga Faransa sai aka fassara sunan da cewa saiwar lokacin rashi. A shekarar 1786 wani malamin coci mai suna Commerell ya wallafa ɗan littafi a Faransa yana yabonta, a 1787 kuma wani likita na birnin Landan, John Coakley Lettsom, ya fitar da littafin da Ingilishi, ya yi ta raba iri ga manoma. Kuskure ne aka yi wajen fassara, amma kuskuren ya dace da aikin shukar.

A wannan ƙarni ne kuma 'yar'uwarta ta kama tata hanyar. A 1747 Andreas Marggraf ya nuna a birnin Balin cewa sukarin da ke cikin bit iri ɗaya ne da na rake, ɗalibinsa Franz Achard kuma ya kafa masana'antar farko ta sukarin bit a yankin Silesiya a farkon ƙarni na 19. Tun daga nan zaɓen iri ya rabu biyu. Masu neman sukari suka nemi ƙaramar saiwa fara mai nutsewa cikin ƙasa, mai yawan zaƙi. Masu dabbobi kuwa suka nemi babba, mai ruwa, mai sauƙin tumɓukewa da hannu.

MATSALAR DA TA ZO TA WARWARE

Kafin zuwan shuke-shuke masu saiwa, manomin Turai ba shi da abin da zai ba dabba a hunturu sai ingirici da karan alkama ko na sha'ir, kuma ba sa isa. Don haka al'ada ce idan Nuwamba ta kama a yanka dabbobin da ba za a iya riƙewa ba, a barbaɗe naman da gishiri a ajiye. Waɗanda aka bari sukan fito daga hunturu a rame, madara ta janye. Ƙarancin dabbobi yana jawo ƙarancin taki, ƙarancin taki kuma yana jawo ƙarancin hatsi. Haka abin ya yi ta zagayawa.

A cikin ƙarni na 18 manoman gabashin Ingila, musamman na lardin Norfolk, suka yaɗa tsarin juya shuka na shekara huɗu: alkama, sa'an nan wata saiwa da ake kira tanif, sa'an nan sha'ir, sa'an nan wata ciyawa dangin wake. Da wannan tsari gona ta daina zama saura, dabbobi suka sami abinci a hunturu, taki ya yawaita. Sai dai tanif tana da nata aibu. Ba ta son ƙasa mai laka, ba ta jure fari, akwai wata cuta da ke kumbura saiwarta, ba ta daɗewa a ajiye, kuma idan saniya ta ci ta da yawa warinta yakan fito a madara da man shanu. Mangel ta toshe waɗannan kafofi. Tana yi a laka, jijiyarta tana nutsawa ta nemo laima idan ruwa ya ɗauke, cutar kumburin nan ba ta kama ta, ba ta ɓata madara, kuma tana iya kaiwa watan Mayu a ajiye. Wannan ya sa a ƙarni na 19 ta bazu a kudanci da gabashin Ingila, da Jamus, da Faransa, da Denmak, har ta ƙetare zuwa Amurka da Kanada. Aka sami iri daban-daban, dogo ja, da kewayayye rawaya, da mai siffar tulu irin na Eckendorf a Jamus.

YADDA AKE NOMANTA

Mangel shuka ce ta shekara biyu, kuma fahimtar wannan shi ne mabuɗin nomanta. A shekarar farko aikinta tara sukari a saiwa. Idan sanyin hunturu ya ratsa ta, a shekara ta biyu sai ta kashe wannan ajiya wajen fitar da dogon kara da fure da iri. Manomi yana shiga tsakani ne ya ɗebe ajiyar kafin shukar ta kashe ta. Idan ya yi gaggawa ya shuka tun sanyi bai sauka ba, ƙananan tsirrai sukan ɗauka hunturu ya riga ya wuce a kansu, su fitar da kara tun a shekarar farko, saiwar ta yi tauri kamar itace. Shi ya sa a Turai ake jira sai Afrilu ko farkon Mayu.

Tana son ƙasa mai zurfi, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, wadda kuma ba ta da tsami. Inda ƙasa ta yi tsami sai an zuba mata garin farar ƙasa. Shuka ce mai ci, domin abin da za ta fitar yana da yawa, saboda haka ana zuba takin dabbobi tun kaka a binne shi, a ƙara da takin zamani wajen shuka. Ga kuma gadon da ta yi wa kakanta na bakin teku: manoman Ingila sun daɗe suna watsa gishiri a gonar mangel, kuma amfanin yana ƙaruwa. Akwai wani sinadari da take bukata ɗan kaɗan, sunansa boron, wanda idan babu shi tsakiyar saiwar takan yi baƙi ta ruɓe.

Ana shuka irin a zurfin santimita 2 zuwa 3, a jeri, tsakanin jeri da jeri santimita 50 zuwa 60. A nan ne wahalar take. Abin da ake kira ƙwayar iri a haƙiƙa dunƙule ne mai ƙwaya biyu zuwa huɗu a ciki, saboda haka kowane rami yakan fitar da tsirrai da dama a cunkushe. Dole a bi gonar da fartanya da yatsa a rage su, a bar ɗaya tal a kowane santimita 25 zuwa 30. Bayan haka ga noman firi ga maimai, domin a makonnin farko mangel tana da nawar girma, ciyawa kuwa ba ta jira. Sai ganyenta ya haɗe ya rufe ƙasa manomi yake hutawa.

Abokan gabanta sanannu ne. Akwai wani ƙuda da tsutsarsa take haƙa rami a cikin ganye. Akwai ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye, irin masu kawo darɓa, waɗanda suke yaɗa cutar da ke mai da ganye rawaya. Akwai kuma wata tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, wadda take taruwa idan ana maimaita shukar a wuri ɗaya. Maganinta shi ne kada a mai da mangel ko danginta gona guda sai bayan shekara uku ko huɗu.

GIRBI DA AJIYA

Bayan wata shida ko kusa da haka, watau a Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ake tumɓuke ta, kafin sanyi mai daskarar da ruwa ya sauko. Da yake jikinta a waje yake kuma cike da ruwa, idan ta daskare ta narke sai ta ruɓe. Ana murɗe ganyen da hannu ko a yanke shi sama-sama, ba a taɓa jikin saiwar ba, domin duk wadda aka ji wa rauni ruwanta yakan zuba ta lalace, ta kuma lalata na kusa da ita.

Rumbunta a fili ake yin sa. Ana tara saiwoyin a yi dogon tudu mai siffar jinka, a lulluɓe da karan alkama, a bar shi kwanaki zafin jikinsu ya fita, sa'an nan a rufe da ƙasa, a bar 'yan kafofi a ƙoƙuwa waɗanda aka cusa wa kara domin iska. Saiwar tana da rai a cikin tudun, tana numfashi. Idan aka toshe ta ƙwarai zafi ya kashe ta, idan aka bar ta a buɗe sanyi ya kashe ta. Gwanintar manomi ita ce ya sami tsakiya.

ABIN DA KE CIKINTA DA YADDA AKE BAYARWA

A ƙasa mai kyau hekta ɗaya takan ba da ton 60 zuwa 100 na ɗanyar saiwa. Wannan adadi yana iya ruɗar mutum, domin kashi 87 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin mangel ruwa ne. Abin da ya rage, wato kashi 10 zuwa 13, shi ne abincin, kuma mafi yawansa sukari ne mai saurin narkewa. Ta wajen ba da ƙarfi, wannan busasshen ɓangare yana gogayya da hatsi irin su sha'ir. Amma yana da ƙarancin sinadarin gina jiki, da ƙarancin fosfaras mai gina ƙashi, ba shi kuma da harza ko kaushin da tumbin dabba yake bukata domin tuƙa.

Bari mu yi ɗan lissafi domin abin ya fito fili. A ce ana ba saniya kilo 25 a rana. Idan busasshen ɓangaren kashi 12 ne, abincin da ta samu na haƙiƙa kilo 3 ne, sauran kilo 22 ruwa ne. A kwana 120 na hunturu za ta ci ton 3. Hektar da ta ba da ton 70 ke nan za ta ɗauki shanu 23 har ƙarshen sanyi. Amma babbar saniyar tatsa tana bukatar busasshen abinci ninkin wannan kilo 3 sau huɗu ko biyar ko fiye. Ashe mangel ƙari ce a kan ingirici da dusa da tunkuza, kuma duk wanda ya mai da ita abinci ita kaɗai zai ga dabbarsa ta cika ciki tana ramewa.

Akwai ƙa'idoji huɗu da makiyayan Turai suka koya bayan sun yi hasara. Ta farko, ba a ba da sabuwar mangel da aka tumɓuke yanzu, domin tana sa zawo. Tsofaffin manoman Ingila ba sa buɗe tudun sai bayan shigowar sabuwar shekara, lokacin da saiwar ta kwanta. Ta biyu, a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu zuwa uku. Dalili shi ne ƙananan halittun da ke cikin tumbi su ne suke narkar da abinci, kuma idan sukari ya auka musu da yawa farat ɗaya sai tumbin ya yi tsami, dabba ta daina ci, ta kwanta, wani lokaci ma ta mutu. Ta uku, ganyen yana da wani sinadari mai tsami da yake ɗaure alli a cikin jiki, don haka a bar shi ya yi yaushi kafin a bayar, kuma kada a yawaita. Ta huɗu, raguna da dandaƙaƙƙun tumaki da suka daɗe suna cin mangel da yawa sukan sami tsakuwa a mafitsara, fitsari ya toshe. Ban da waɗannan, ana kankare ƙasar da ke jikin saiwar, a yayyanka ta da wuƙa ko da injin hannu domin kada ta shaƙe dabba. Kaji kuwa akan rataye musu guda ɗaya su yi ta tsattsaga, su sami ɗanyen abu a lokacin da babu kore a waje.

JA DA BAYA DA FARFAƊOWA

Abin da ya ɗaga mangel shi ne yawan hannaye a ƙauyukan Turai, abin da ya kayar da ita kuma shi ne tafiyarsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikatan gona suka koma birane, ladan ƙwadago ya hau, aikin ragewa da tumɓukewa da hannu ya zama babu riba. Daga shekarun 1960 zuwa 1980 manoma suka koma ga ciyawa da masarar da ake sara ɗanya da inji, a danne a rami ta tsimu, domin mutum ɗaya da tarakta yana iya gama aikin. Gonakin mangel suka yi ta raguwa har ta zama abin ƙananan manoma da masu lambu.

Amma ilmi bai bar gidan ba. A 1948 wani masani, Viacheslav Savitsky, ya gano a jihar Oregon ta Amurka wasu tsirran bit waɗanda irinsu ƙwaya ɗaya ce tal. Daga gare su aka fitar da irin da inji zai iya shukawa ɗaya-ɗaya a tazarar da ake so, aikin ragewa ya ƙare. Masu kyautata iri kuma suka haɗa mangel da bit ɗin sukari, suka sami 'ya'ya na tsakiya masu busasshen ɓangare kashi 15 zuwa 22 cikin ɗari. Su ne aka fi nomawa domin dabbobi a yau. A farkon wannan ƙarni manoman New Zealand, musamman a Tsibirin Kudu, suka rungume su ta wata sabuwar hanya. Maimakon a tumɓuke a ajiye, sai a kai shanun gonar a hunturu, a tare su da wayar lantarki, a riƙa matsar da wayar kowace rana gwargwadon abin da ake so su ci. Su ma sai da suka sake koyon ƙa'ida ta biyu, domin garken da aka saki a gonar ba tare da sabo ba yakan yi hasara.

Shukar ta kuma sauko ƙasashe masu zafi da fari. A Masar ana noman bit a lokacin sanyi a yankin da kogin Nilu yake shiga teku, inda gishiri ya yi wa ƙasa yawa. A Indiya cibiyar binciken yankunan fari da ke Jodhpur ta yaɗa bit ɗin dabbobi ga manoman Rajasthan, ana shukawa a Oktoba ko Nuwamba da ban ruwa, a fara ciyarwa kafin zafi ya tsananta. A Sudan ma an yi gwaje-gwajensa a gonakin bincike.

TAMBAYAR DA NA SAN ZA A YI

Na san wani zai tambaya ko za ta yi a fadamunmu da gonakin noman rani. Ga abin da ya kamata a auna. Mangel ta fi jin daɗi a yanayi mai sanyi-sanyi, digiri 15 zuwa 25, kuma tana son wata biyar zuwa shida, alhali sanyinmu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, zafin Maris da Afrilu kuma yana biye. Sai da ban ruwa za ta yi, ke nan za ta yi takara da tumatir da albasa da alkama a kan ruwa ɗaya da fili ɗaya. Ba za ta yi iri ba inda babu sanyi mai tsanani, don haka kowace shekara sai an sayo iri daga waje. Tudun ajiya irin na Turai kuma sanyi ne yake riƙe shi, a zafinmu saiwa mai ruwa haka ba za ta daɗe ba, sai dai a bar ta a ƙasa a riƙa tumɓukar na yini. Masu turke raguna kuwa kada su manta da maganar tsakuwar mafitsara. A ɗaya gefen, tana jure ƙasa mai gishiri da kanwa wadda wasu shuke-shuke suke ƙi, kuma tana kawo ɗanyen abinci a daidai lokacin da harawa ta yi tsada. Hanyar da ta dace ita ce cibiyoyin binciken noma su gwada ta a ƙananan filaye, su ƙididdige ruwan da ta sha da kuɗin da ta ci, su kwatanta da ganyen dankali da harawar wake da ta gyaɗa, kafin a ce wa manomi ya sa kuɗinsa.

Ko da ba a shuka mangel ko guda ɗaya a nan ba, tarihinta yana da abin koyo. Manomin Turai ya daina yanka dabbobinsa a Nuwamba ne ranar da ya ware wani yanki na gonarsa ya noma wa dabba abinci da gangan, ya lissafa kwanakin rashi, ya lissafa bakunan da zai ciyar, ya tanadi abin da zai kai su. Wannan lissafi kowane makiyayi yana iya yin sa da abin da ƙasarsa take bayarwa.